Taurarin Da Nijar Ta Yi Ciniki: Wa Zai Auna Wutar Da Ke Jiran Su A Sama?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 1 ga watan Nuwamban 2024 ne gwamnatin maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta rattaba hannu a birnin Yamai kan wata yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos, wanda ke ƙarƙashin hukumar sararin samaniyar Rasha, domin sayen taurarin ɗan'adam guda uku: ɗaya na sadarwa, ɗaya na ɗaukar hoton ƙasa, na ukun kuma mai aiki da rada, wanda ke iya gani ko da dare ko cikin gajimare. Ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya bayyana cewa ƙera su zai ɗauki shekara huɗu. Kafin nan, a watan Satumban shekarar, ministocin Mali da Burkina Faso da Nijar sun zauna da jami'an Rasha a Bamako kan irin wannan ciniki.

Tun daga lokacin aka yi ta sharhi, amma kusan duk maganar ba ta wuce tsaro da 'yancin kai ba. Masu goyon baya na cewa ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan 1.2, wadda akasarinta hamada ce, ba za ta iya tsare iyakokinta da mota da raƙumi kaɗai ba. Masu suka kuma na cewa ubangida kawai aka sauya, daga Faransa zuwa Rasha. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Sai dai akwai tambayar da mu a namu ganin ya kamata a yi tun kafin a biya kuɗi: su waɗannan taurari, wace irin unguwa za a kai su su zauna, kuma wa zai riƙa faɗa wa masu su halin da unguwar take ciki?

Yawancinmu mun ɗauka sararin samaniya fili ne fetal, babu komai sai duhu da shiru. Ba haka abin yake ba. Wuri ne da ake ruwan wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu ɗauke da cajin lantarki, wasunsu na gudun da ya kusa kamo na haske, suna kuma iya huda ƙarfe su wuce. Masana na kiran wannan radiyeshan, mu kuma a nan za mu kira shi tartsatsin samaniya. Mutanen Arlit da Akokan sun san kalmar radiyeshan ta wata fuskar, ta wajen yuraniyom da tsibin ƙasar da aka bari bayan rufe mahaƙar Cominak a 2021. Wancan daga ƙasa yake tashi, wannan daga sama yake sauka, amma mudun da ake auna illarsu ga jikin mutum ɗaya ne, shi ne milisibat.

Tartsatsin ta kafa uku yake zuwa. Akwai wanda ke fitowa daga can nesa, daga taurarin da suka fashe, ba ya yankewa dare da rana. Akwai wanda rana ke watsowa idan ta yi aman wuta, shi kuma ba sallama yake zuwa ba. Na ukun shi ne wanda maganaɗisun duniya ya kama ya riƙe, yana ta kewaya duniya kamar ɗamara a ƙugu.

Yadda aka gano su ma abin tsayawa ne, domin duk ta hanyar awo aka gano su, ba ta hanyar hasashe ba. A farkon ƙarnin da ya wuce masana sun ɗauka duk radiyeshan daga duwatsun ƙasa yake fitowa, saboda haka idan mutum ya yi sama dole ya ragu. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Victor Hess, ya ɗauki na'urorinsa ya shiga kwandon balan-balan, a watan Agustan 1912 ya hau har kimanin mita 5,300, sai ya ga maimakon abin ya ragu, ninkawa ya yi. Ya ce lallai daga sama yake zuwa. Wannan ne ya ba shi kyautar Nobel a 1936.

Ita kuma ɗamarar, sai a 1958 aka san da ita. Tauraron Amurka na farko, Explorer 1, wanda aka harba a ƙarshen watan Janairun shekarar, yana ɗauke da na'urar Geiger mai ƙirga ƙwayoyin, wadda James Van Allen na Jami'ar Iowa da ɗalibansa suka haɗa. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa na'urar tana ƙirga daidai, amma da ya yi sama sai ta yi tsit. Da farko an zaci lalacewa ta yi. Daga baya suka gane abin ne ya fi ƙarfinta. Mu da muke aikin rediyo mun san irin wannan: idan aka yi wa makirufo ihu a baki, allurar awo takan je ta manne a ƙarshe, ba ta ƙara gaya maka komai.

Wani hanzari ba gudu ba, Rasha ce ta fara ratsa wannan ɗamara da na'urar awo. Tauraronta Sputnik 2, wanda ya ɗauki karyar nan Laika a watan Nuwamban 1957, yana ɗauke da na'urorin masaninsu Sergei Vernov. Amma a lokacin da tauraron ke kaiwa ƙololuwar tsayinsa, yana can ne ta kudancin duniya, inda tashoshin Tarayyar Sobiyet ba sa jin sa. Masu bincike a Ostireliya sun naɗi saƙon, suka nemi Rashawa su ba su mabuɗin fassara shi, Rashawa suka hana. Rashawa suka nemi a ba su abin da aka naɗa, su ma aka hana su. Rowar juna ta sa har gobe ɗamarar sunan Ba'amurke take amsawa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan labari, za mu buƙace shi a gaba.

Manyan ɗamarun biyu ne. Ta ciki tana farawa ne daga kimanin kilomita 1,000 a sama, ta wajen kuma daga wajen kilomita 13,000 har zuwa kusan 60,000. Tauraron sadarwa, irin wanda faranti ke fuskanta a kan rufin gidajenmu, ana ajiye shi ne a tsayin kilomita 35,786, wato a cikin ɗamara ta waje zai yi rayuwarsa baki ɗaya. Masu ɗaukar hoto kuwa galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 800 suke shawagi, ƙasa da ɗamara ta ciki, amma su ma ba su tsira ba. A sararin da ke saman kudancin tekun Atilantika, tsakanin Birazil da kudu maso yammacin Afirka, maganaɗisun duniya yana da rauni, saboda haka ɗamarar ta sauko har kusan kilomita 200, kuma tauraron da ke kewaya duniya ta kan dorinta na kudu da na arewa sai ya ratsa wannan rami sau da dama a kowace rana. Madubin hangen nesa na Hubble, da duk tsadarsa, akan tsayar da wasu na'urorinsa idan ya zo wucewa ta wurin. Taurarin Swarm guda uku na hukumar sararin samaniyar Turai, da ke auna maganaɗisun tun 2013, sun nuna ramin yana faɗaɗa. Sakamakon da aka fitar a 2025 ya ce tun 2014 ya ƙaru da faɗin da ya kai kusan rabin nahiyar Turai, kuma ɓangarensa da ya fi saurin yin rauni shi ne wanda ke kusa da Afirka.

To wace ɓarna tartsatsin ke yi? Wata ɓarnar a hankali take ci, kamar gara: faifan da ke tara wa tauraro hasken rana yana ta rage ƙarfi shekara bayan shekara har ya kasa ɗaukar nauyi. Wata kuma farat ɗaya ce, ƙwaya guda ta faɗa cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta juya sifili ya koma ɗaya, kwamfutar ta ba da umarnin da ba wanda ya ba ta. Akwai kuma taruwar caji a jikin wayoyi da robobin ciki har ya fashe da tartsatsi, irin wanda mutum ke ji a yatsa idan ya taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, amma a wurin da babu makanike ko ɗaya.

Wannan na ƙarshen ne ya kayar da taurarin Kanada biyu, Anik E1 da Anik E2, a ranar 20 ga Janairun 1994, ɗaya bayan ɗaya. Talabijin ya ɗauke a gidaje da dama, garuruwan arewacin ƙasar suka rasa tarho. An farfaɗo da na farkon cikin sa'o'i, na biyun sai da aka yi watanni. A watan Afrilun 2010 tauraron Galaxy 15 na kamfanin Intelsat ya daina jin umarni, ya kama yawo yana barazanar shiga zangon maƙwabtansa, ba a shawo kansa ba sai a watan Disamba. Su kansu Rashawa sun ɗanɗana. Kumbonsu Phobos-Grunt da suka harba a watan Nuwamban 2011 domin zuwa ɗaya daga cikin watannin duniyar Mas bai ko bar kewayen duniya ba, ya faɗa tekun Fasifik a watan Janairun 2012. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan tartsatsin samaniya da ya bugi sassan ƙwaƙwalwar da ba a ƙera su don jure shi ba, ko da yake wasu masana sun ce kuskuren manhaja ne aka fake da sama.

Wannan gardama ita ce ta kawo mu gida. Mu 'yan Najeriya mun riga Nijar shiga wannan kasuwa, kuma mun san ɗacinta. Tauraronmu na sadarwa NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a watan Mayun 2007, an ɗiba masa shekara 15, amma a watan Nuwamban 2008 ya mutu bayan wata 18 kacal. Bayanin da aka bayar shi ne matsalar fuka-fukansa masu tara hasken rana. Inshora ce ta rufa mana asiri, aka harba NigComSat-1R a watan Disamban 2011. Masar ta sayi EgyptSat-2 daga kamfanin Energia na Rasha, aka harba shi a watan Afrilun 2014, bayan shekara ɗaya ya yi shiru, ba a maye gurbinsa ba sai 2019. Angola ma daga wannan kamfani ta sayi Angosat-1, aka harba a ƙarshen Disamban 2017, bai yi mata aikin ko rana ɗaya ba, ta jira har watan Oktoban 2022 kafin Angosat-2 ya tashi.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce tartsatsin samaniya ne ya kashe waɗannan ukun ba, kuma ba mu ce kayan Rasha ko na Sin ne kaɗai ke mutuwa ba, tun da mun ga na Kanada da na Amurka. Abin da muke cewa shi ne, duk ranar da tauraro ya yi shiru, tambayar farko da maƙeri da mai inshora da mai kaya za su yi ita ce: laifin ƙira ne, ko laifin masu tuƙi ne, ko daga sama abin ya zo? Kuɗi masu yawan gaske da shekarun jira sun rataya a kan amsar. Wanda ba shi da nasa awon, kuma ba shi da mutanen da suka iya karanta na wasu, duk abin da mai sayarwa ya faɗa masa shi zai karɓa. Masu iya magana suna kiran wannan cinikin biri a sama, a nan kuwa birin a saman zai zauna har abada.

Lokacin ma abin dubawa ne. Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, ta yi zafi ta lafa. Zagayen da ya fara a watan Disamban 2019 ya kai ganiyarsa a 2024, shekarar da a watan Mayunta aka yi guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun bayan ta 2003. Wani zai ce ai ke nan taurarin Nijar, idan sun tashi wajen 2028 kamar yadda aka tsara, sun zo a lokacin sauƙi. Ba lallai ba. A shekarun da rana ke gangarowa daga ganiyarta ne ɗamara ta waje ta fi cika da ƙwayoyin da ke tara caji, kuma a irin wannan lokaci ne taurarin Kanada suka faɗi. Guguwar Oktoban 2003, wadda ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin ta kuma lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, ita ma bayan ganiya ta zo. Idan kuma rana ta lafa gaba ɗaya, tartsatsin da ke zuwa daga nesa shi ke ƙaruwa, domin iskar ranar da ke kore shi ta yi sanyi.

A nan ya kamata mu kwantar wa mai karatu hankali game da lafiyar jikinsa, don kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je majalisa ya ce an ce rana za ta ƙone mutane. Mu da ke ƙasa Allah Ya yi mana garkuwa biyu. Iskar da ke kanmu tana tare tartsatsin kamar ruwa mai zurfin mita 10, sannan maganaɗisun duniya yana kautar da shi, kuma a nan yankinmu na tsakiyar duniya ne kariyar ta fi ƙarfi. Abin da mutum ke samu daga sama a shekara guda kimanin kashi huɗu cikin goma ne na milisibat ɗaya, alhali mazauna tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a tsayin kilomita 400, suna samun fiye da haka a rana ɗaya. Alhajin da ya tashi daga Kano ko Yamai zuwa Jidda, abin da zai samu a hanya bai kai na hoton ƙirji ɗaya a asibiti ba. Matuƙa da ma'aikatan jirgin da ke bin hanyoyin arewacin duniya kullum su ne abin ya fi shafa, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa doka tun 1996 a riƙa lissafa musu.

Kwamfutar jirgin kuwa wani zance ne. A ranar 30 ga Oktoban 2025 wani jirgin kamfanin JetBlue da ya taso daga Kankun na Meziko zuwa Amurka ya yi ƙasa ba zato, wasu fasinjoji suka ji rauni. Bayan bincike, a ƙarshen watan Nuwamba kamfanin Airbus ya ce radiyeshan mai ƙarfi na iya gurɓata bayanan kwamfutar tuƙi, ya ba da umarnin a gyara jirage kimanin 6,000 samfurin A320, irin waɗanda ke sauka a filayen jiragenmu.

Inda abin ya fi shafarmu kai tsaye shi ne wani rufin iska mai caji da ke farawa daga kimanin kilomita 60 a sama, wanda masana ke kira ayonosfiya. Dattawan da suka saba da gajeren zango sun san shi ko ba su san sunansa ba, domin shi ne ke dawo da muryar Landan ko ta Bon zuwa akwatin rediyon mai shayi, shi ne kuma dalilin da ya sa tashar da ke fita tar da asuba take shaƙewa da rana tsaka. Idan rana ta yi aman wuta, haskenta na isowa cikin minti takwas, gajeren zango ya ɗauke ɗif a duk ɓangaren duniyar da ke cikin rana. Da wannan zango ne matuƙan jirgi ke magana da masu kula da zirga-zirga a wuraren da ƙananan tashoshi ba sa kaiwa, kamar tsakiyar teku da wasu sassan Sahara.

Bugu da ƙari, layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu bai bi ta kan ikweta ba. A nahiyarmu ya hauro arewa, ya bi ta arewacin Najeriya ya shiga kudancin Chadi. A saman wannan layi, a tsayin kilomita ɗari da 'yan kai, akwai kogin lantarki da ke gudu zuwa gabas da rana. Bayan faɗuwar rana kuma rufin iskar yakan yi kumfa-kumfa, saƙon GPS da ya ratsa ta ciki ya yi rawa ko ya yanke. Saboda haka mu da muka fi kowa kariya daga tartsatsin, muna cikin waɗanda suka fi kowa fama da wannan rawa. Jirgi marar matuƙi da sojojin Nijar ko na Najeriya suka tayar bayan magariba, da mai safiyon da ke auna gona, da jirgin da ke neman sauka cikin hazo, duk da wannan saƙo suka dogara. Hukumar kula da sufurin sama ta ASECNA, wadda Nijar da Chadi da Kamaru da Benin ke ciki, ta san da haka. A watan Janairun 2021 ta gwada saukar jirgi a Lome da wani tsari na gyara kuskuren GPS, kuma ta kan tauraron Najeriya NigComSat-1R aka watsa saƙon gyaran, duk da cewa Najeriya ba mamba ba ce. Irin wannan tsari ba ya aiki sai da tashoshin awo a warwatse a ƙasashe da yawa.

Yanzu sai mu tambaya, wa ke awon? Gargaɗin farko daga taurarin Amurka yake fitowa, waɗanda ke tsaye kilomita miliyan 1.5 daga nan ta wajen rana, suna ba da ratar minti 15 zuwa sa'a guda kafin guguwa ta iso. Tun watan Nuwamban 2019 hukumar sufurin sama ta duniya ta fara aika wa matuƙa gargaɗin yanayin samaniya, daga cibiyoyin Amurka da Turai da wasu ƙawayensu, daga baya Sin da Rasha suka shigo da tasu. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa: a garin Hermanus tana da cibiyar da ke gadi dare da rana tun 2022, kuma a nan ne na'urar ƙirga tartsatsin da ke isowa ƙasa take aiki tun 1957. Sauran irin waɗannan na'urori da aka fi sani a nahiyar suna Potchefstroom da Tsumeb ta Namibiya, duk a kudu. Ƙasar Tailan, da ta ga tana ƙarƙashin inda garkuwar ta fi kauri, sai ta mai da abin jari. A 2007 ta kafa irin wannan na'ura a kan dutsen Doi Inthanon, kuma masanan duniya na neman alƙalumanta, domin ƙwayoyin da suka fi kowanne ƙarfi ne kawai ke iya kaiwa can. Mu ma muna da tuddai: Bagzan a Ayar ya haura mita 2,000, ga Mambila, ga Emi Kusi a Chadi sama da mita 3,400, ga dutsen Kamaru sama da 4,000.

Abin takaicin shi ne ba yau aka fara wannan aiki a yankinmu ba. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya ne da binciken kogin lantarkin nan daga Ibadan tun shekarun 1950. A ƙarshen shekarun 1960 an jera na'urori a Chadi da Afirka ta Tsakiya. Wagadugu ta yi shekara 32, daga 1966 zuwa 1998, tana auna ayonosfiya, kuma har yanzu masana irin su Farfesa Frédéric Ouattara na Kudugu suna cin gajiyar waɗannan alƙaluma. Daga 1992 zuwa 1994 an kafa tashoshi goma a jere, daga Lamto a Kwaddibuwa har Tumbuktu a Mali, tazarar kimanin kilomita 1,200. Daga baya Jami'ar Kyushu ta Japan ta kawo na'urorin auna maganaɗisu Ilori da Legas da Abuja, hukumar sararin samaniyar Najeriya ta buɗe cibiyar binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi, ɗaliban wata jami'a a Koforiduwa kuma suka haɗa GhanaSat-1 a 2017, ƙaramin tauraron da cikin ayyukansa har da gwada yadda tartsatsin ke taɓa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai dai yawancin wannan aiki baƙi ne suka kawo kayansa, kuma idan shirinsu ya ƙare, ko batir ya mutu, ko malamin da ke kula da na'urar ya samu canjin wurin aiki, shi ke nan. Awo kuwa amfaninsa a ɗorewa yake. Na'urar da ta yi shekara biyu ta tsaya ba ta ga ko rubu'in zagayen rana ɗaya ba.

Ba kuɗi ne babbar matsalar ba. Na'urar auna rawar saƙon GPS da ta auna maganaɗisu ba su kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Abin da suke so shi ne wutar sola, layin intanet, ɗaki mai makulli, da mutum mai albashi. Babbar matsalar ita ce ƙasa ɗaya ba ta iya aikin ita kaɗai. Kumfar da ke tasowa a kan layin maganaɗisu tana bazuwa kudu da arewa, tana kuma tafiya gabas, saboda haka don a gane ta sai an jera na'urori daga Legas ko Kwatano, ta Ilori, Zariya, Katsina, Maraɗi, Tawa, Agadas, har a haɗe da tsohuwar tashar Tamanrasset ta Aljeriya. Rabin layin yana Najeriya, rabi yana Nijar. A nan ne labarin Vernov da mutanen Ostireliya ya dawo: ɗaya na riƙe da saƙo, ɗaya na riƙe da mabuɗi.

Mun san halin da ake ciki. Ƙasashen uku na ƙawancen Sahel sun kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma lokacin da aka buɗe Hukumar Sararin Samaniyar Afirka a Alƙahira a watan Afrilun 2025, dukkansu suna cikin dakatarwar Tarayyar Afirka. Duk wanda ya ce a haɗa hannu kan taurarin leƙen asiri a wannan yanayi, mafarki yake. Amma awon maganaɗisu ba sirrin soja ba ne, kamar yadda awon ruwan sama ba sirri ba ne, kuma a wannan fanni Yamai ce uwa ma ba da mama. A can makarantar EAMAC take horar da masu hasashen yanayi da masu kula da jirage tun 1963, a can cibiyar Agrhymet take tun 1974, a can kuma cibiyar hasashen yanayi ta nahiyar, ACMAD, ta zauna. Teburi ɗaya na yanayin samaniya a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, wanda zai riƙa musayar alƙaluma da Anyigba da Kudugu da Hermanus, ba ya buƙatar shugabanni su zauna taro. Jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero za su iya ƙulla wannan da takarda tsakanin shugabanninsu. Shi kansa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke amsa sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun masu tattaunawa da Glavkosmos. A rubuta a cikin kwangila irin sassan da za a sa da yawan tartsatsin da aka gwada za su jure. A ɗora wa kowane tauraro ƙaramar na'urar auna radiyeshan, wadda nauyinta ba wani abu ba ne, kuma alƙalumanta su sauka a Yamai kai tsaye, ba sai sun biya ta Mosko ba. A fayyace wa zai biya, cikin shekara nawa, idan tauraro ya mutu kafin wa'adinsa. Cikin injiniyoyin da za a tura horo kuma a ware biyu ko uku da aikinsu shi ne karanta yanayin samaniya, ba tuƙi kawai ba. Wannan shawara ba ta Nijar kaɗai ba ce. Shekara 15 da aka ɗiba wa NigComSat-1R na cika ne a ƙarshen 2026, kuma duk wanda zai sa hannu kan takardar magajinsa a Abuja, waɗannan tambayoyin ne a gabansa.